Idan Saɓani Ya Shigo Gida: Sanin Iyaka Da Iya Magana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya soyayya da tausayi a tsakanin ma'aurata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da matansa iyayen muminai. 

Duk macen da za a kai ɗakin miji a ƙasar Hausa, kusan guzuri iri ɗaya ake ɗaure mata a bakin zane. Gwaggo ta ce ki yi haƙuri, inna ta ce ki yi haƙuri, uba ya ce yi-na-yi, bari-na-bari, sai a sa ta a mota tana kuka. Nasiha ce mai kyau, babu mai hankalin da zai raina ta. Sai dai an ce ta yi haƙuri, ba a gaya mata a kan me ba, ba a kuma gaya mata har zuwa ina ba. Ba a koya mata yadda za ta buɗe baki ranar da aka taka ta ba. Shi ya sa za ki ga mace ta shekara bakwai tana haɗiye magana, ana ta yabonta, ranar da tura ta kai bango kuwa sai ta yi abin da gari zai ɗauka. Ko ta zazzage wa uwar miji cin mutunci a tsakar gida, ko ta watsa wa kishiya ruwan zafi, ko ta kwashi kayanta ta tafi ba waiwaye. Sai a ce aljanu ne, ko an yi mata asiri. Alhali ruwa ba ya tsami banza.

Mu ɗauki zaman da ake yi a garuruwanmu na kudancin Kano, irin su Zinyau da ke ƙaramar hukumar Rano, da sauran garuruwan ƙasar Rano kamar Rurum da Saji, da na ƙasar Kibiya kamar Tarai da Fammar. A nan za ki sami babban gida, uba da 'ya'yansa magidanta suna noma gandu ɗaya, ana zuba amfani a rumbu ɗaya. Kowa da sashensa, amma zaure ɗaya ne, wani lokaci ma tukunya ɗaya. Mudun awo kuwa sau da yawa yana hannun tsohuwa, ita ke cewa yau dawa kaza za a daka. Idan aka gama aikin kaka, magidanta da dama sukan tafi ci-rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, su bar mata da 'ya'ya a hannun iyaye. In miji ya sami ɗan abin da zai turo, sai ya turo ta asusun ƙaninsa, don shi ke da waya da katin cirar kuɗi. Ga matar aure mai 'ya'ya huɗu tana jiran yaron da ta girme shi ya ga damar ba ta kuɗin sabulu. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a nan, amma an riga an shuka rigima.

A irin wannan gida ba maigida kaɗai ke da iko ba. Uwar miji tana da nata, yayyen miji mata da ke aure a wani gari suna da nasu duk ranar da suka zo ganin gida, uwargida tana da nata a kan amarya, wani lokaci kuma amarya ce ke juya gidan. Ita kanta wadda ake dannewa tana da waɗanda ke ƙarƙashinta: 'yar riƙo, da agola, da 'ya'yan kishiyar da ta rasu ko aka saka. Ke da kike karanta wannan, akwai wanda ya fi ki ƙarfi a gidanki, akwai kuma wanda kika fi. Nasihar nan ta shafe ki ta fuska biyun.

Abin da Musulunci ya fara gyarawa shi ne ma'anar ƙarfin kansa. Allah (SWT) Ya ba namiji shugabancin gida a Suratun Nisa'i aya ta 34, a ayar kuma Ya haɗa shugabancin da ciyarwa daga dukiyarsa. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Miji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta. Ke kin san makiyayi, tunda kina ba da kiwon awaki. In ya dawo da su da yamma ɗaya ta karye, ba ki karɓar uzurin cewa ai shi ke riƙe da sanda.

Akwai wata ƙissa da nake so kowace matar aure ta riƙe ta kamar yadda ta riƙe Fatiha. Imam Bukhari ya kawo ta daga Abdullahi ɗan Abbas (RA). Barira baiwa ce, Nana A'isha (RA) ta saye ta ta 'yanta ta. Mijinta Mugisu bawa ne, don haka shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu kuwa yana sonta matuƙa, har ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye yana sauka a gemunsa. Abin ya ba Annabi (SAW) tausayi da mamaki, sai ya yi mata magana a kan ta koma wa mijinta. Barira ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba. Tambaya ta yi cikin ladabi: umarni ne Manzon Allah yake ba ta? Ya gaya mata cewa ba umarni ba ne, ceto yake yi wa Mugisu. Nan ta ce ba ta da buƙatarsa, aka bar ta a kan ra'ayinta.

Ki dubi tazarar da ke tsakanin masu maganar nan biyu. Ɗaya shi ne fiyayyen halitta, ɗayar kuma jiya-jiya baiwa ce. Da ya ce umarni ne, da ta bi, ko ranta yana so ko ba ya so. Amma bai ari ƙarfin annabci ya rufe mata baki a kan abin da Allah Ya bar mata zaɓi ba, bai kuma yi fushi da ita ba. Ita kuma ba ta ɗaga murya ba, sai da ta tantance tukuna: wannan hukuncin Allah ne ko alfarma ake nema? Rabin rigimar gidajenmu daga rashin wannan tantancewar take tasowa. Babba ya nemi alfarma da muryar umarni, ƙarami ya yi abin da bai wajaba a kansa ba yana ƙunƙuni, a ƙarshe ba lada ba godiya. To, mene ne Allah Ya wajabta, mene ne kuma Ya bar miki?

Mu fara da dukiya, domin a nan aka fi samun kuka a ƙauye. Sadakinki naki ne. Akuyar da kika saya da kuɗin ƙuli-ƙuli taki ce. Kwasar adashinki, da gadonki, da abin da kika noma a gayaunarki, da kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki, duk naki ne. A aya ta 4 ta Suratun Nisa'i Allah Ya halatta wa miji ya ci daga sadakin matarsa ne kawai idan ta ba shi da daɗin rai. Abin da aka karɓa da tsawa, ko da barazanar kishiya, ko da gaba ta mako guda, ba a kira shi daɗin rai. A mazhabarmu ta Malikiyya an ba miji damar ya hana matarsa kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, amma wannan hanawa ce daga kyauta, ba ta mayar da dukiyar tasa ba, kuma ba ta shafi saye da sayarwarta ba. Saboda haka in damina ta kama, maigida ya rasa kuɗin taki, ya ce a kai tunkiyarki kasuwa, ki taimaka in kina da hali, lada ne babba, gonar ma ke da 'ya'yanki za ku ci. Amma ki faɗa tun a lokacin: kyauta ce ko rance? In rance ne, a sa ranar biya, a ce bayan an cire amfani, a sa shaida ko a rubuta. Kada ki ji kunya; aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mata da yawa sukan yi shiru, shi ya ɗauka kyauta ce, ita ta ɗauka rance ne, sai ranar da ya kawo lefen amarya tsohon bashi ya tashi.

Sai ɗakinki. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida ba sa faɗa wa ɗaki sai da izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. In yaron da kika haifa sai ya nemi izini, ina ga ƙanin miji baligi? Al'adarmu ta mai da ƙanin miji abokin wasa, ya ɗaga labule ya shigo, ya zauna bakin gado, ya buɗe kwano, ya ce matarmu. Amma da aka tambayi Annabi (SAW) game da shigar ɗan'uwan miji wurin mace, sai ya kwatanta shi da mutuwa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (RA). Ba sai kin yi masa rashin kunya ba. Ki shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ki kai masa abinci can, ki sa hijabinki. Ki kuma bar wa mijinki ya gaya wa ƙaninsa, don magana ɗaya ce, amma daga bakinsa gyara ce, daga bakinki kuwa za a ce kin zo raba 'yan'uwa.

Maganar uwar miji tana son natsuwa, domin a nan mata biyu ne, kowacce da haƙƙi a kan namiji ɗaya. Malamai sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba wajibin shari'a ba ce a kan mace, ɗansu ne aka ɗora wa. Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da alƙalanmu ke komawa gare shi, ya ba mace damar ƙin zama wuri ɗaya da dangin miji, tare da wasu togaciya da masu sharhi suka yi bayani, kamar wadda aka gindaya mata sharaɗin zaman tun wajen ɗaurin aure. Littafin ya kuma hukunta wa iyayen mace su riƙa shiga ganinta duk mako. Wannan shi ne hukunci. Amma ni ba na ba wata shawarar ta je ta tsaya gaban tsohuwa ta ce Inna, malamai sun ce wankinki ba dolena ba ne. Wadda ta yi haka ta san hukunci, ba ta san zama ba. Amfanin sanin shi ne zuciyarki ta huta: abin da kike yi wa tsohuwar nan sadaka ce kike yi don Allah, ba bauta ba, kuma ranar da ciki ya tsufa ko jiki ya ƙi, kina da damar cewa yau kam ba zan iya ba, ba tare da kin ɗauki zunubi ba. Ki tuna ita ma tsoro ke damunta. Ta sha wuya ta raini ɗa, yanzu tana ganin wata ta zo za ta ɗauke shi. Gaisuwar safe, da ɗan goro, da neman shawararta a kan abin da ma kin riga kin sani, suna kashe wutar da gardama ba ta kashewa.

Inda babu sassauci shi ne jikinki da mutuncinki da addininki. Nana A'isha (RA) ta shaida, a ruwayar Muslim, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba. Da mata suka yi ta zuwa gidansa suna kai ƙarar dukan mazajensu, ya ce waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓu ba. Masu fakewa da ƙarshen aya ta 34 su sani, malaman tafsiri sun ɗaure ta da sharuɗɗa, babu wanda ya halatta fasa baki, ko marin fuska, ko bulalar da ke barin shaida. Shehu Dardiri a sharhinsa na Mukhtasar ya lissafa ƙaurace wa mace ba dalili, da dukanta ba dalili, da zaginta da zagin ubanta a cikin cutarwar da alƙali zai iya raba aure saboda ita. Game da addini kuwa, ba wani baƙo ne ya fara faɗa ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. A Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata kada su ruɗu da masu yi musu wa'azin biyayyar miji alhali ba sa yi musu wa'azin biyayyar Allah da Manzonsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure. Don haka in an ce ki je wurin boka, ko ki yanke zumunci da uwarki, ko ki zauna ba ki san hukuncin tsarkinki da sallarki ba, wannan ba wurin yi-na-yi ba ne.

To, kin san iyakarki. Saura yadda za ki faɗe ta, kuma a nan ne mu mata muke yawan zubar da gaskiyarmu da hannunmu. Mun ƙware a habaici. Da a bakin turmi ake yi, a rera wa taɓarya abin da ake son kishiya ta ji, ko a zagi kaza da sunan wani hali. Yanzu an koma ɗora shi a WhatsApp, duk dangi su gani. Habaici yana sanyaya rai na ɗan lokaci, amma bai taɓa biyan buƙata ba, domin wanda aka yi dominsa yana da damar cewa bai gane ba, wanda ba a yi dominsa ba kuma ya tsargu. Haka kumburi da buga kwanuka, da aika yaro da saƙo: je ka gaya wa ubanka babu gishiri. Kin sa yaro a tsakiyar abin da ya fi ƙarfinsa, kin kuma koya masa raina uba.

Ki zaɓi lokaci. Mutumin da ya dawo daga gona da rana tsaka, bai sha ruwa ba, ba kunnen da zai ji ki da shi. Ki bari ya ci, ya yi isha'i, ranar girkinki, ƙofa a rufe. Ki kawo magana ɗaya tak. In kin zo a kan kuɗin cefane, ki tsaya a kan kuɗin cefane, kada ki tono abin da ya faru ranar sunan ɗanki na fari. Ki faɗi abin da ya faru, da yadda ya taɓa ki, da abin da kike so a yi. Misali: "Malam, akwai abin da ke ci mini rai, in ka ba ni dama. Kuɗin da kake turowa ta hannun ƙaninka, sai na tambaya sau uku kafin na samu, ina jin nauyin haka. Ina roƙon ka ware namu ka faɗa masa adadinsa, ko ka turo ta hannun da za mu amince da shi ni da kai." Wannan ya fi ki ce kai dama ba ka ɗauke ni a bakin komai ba. Ta farko ta ba shi abin da zai gyara gobe, ta biyu ta tura shi kare kansa. In ya fara faɗa, ki yi shiru ya gama, amma kada ki janye maganar. Ki ce na ji, za mu ƙarasa in ranka ya huce. Sannan ki saurara da gaske, mai yiwuwa akwai abin da ba ki sani ba, wataƙila bashi ne ya yi masa katutu yana jin kunyar faɗa.

Kada wata ta ce mayar wa miji magana ko ta halin ƙaƙa rashin tarbiyya ne. Sayyidina Umar (RA) ya ba da labari, a Bukhari, cewa wata rana matarsa ta mayar masa da magana, abin ya ba shi haushi, sai ta gaya masa ai matan Annabi (SAW) ma suna mayar masa. Umar ya je ya ja kunnen 'yarsa Hafsa, gaskiya ne, amma Annabin da ake mayar wa bai hana su ba. Ki kuma dubi fushin Nana A'isha. Annabi (SAW) ya gaya mata yana gane lokacin da take fushi da shi, domin a lokacin takan rantse da Ubangijin Ibrahim maimakon Ubangijin Muhammadu. Ta amsa cewa haka ne, amma sunan kaɗai take ƙaurace wa. Fushin da ya tsaya a nan ke nan: ba a daina girki ba, ba a zagi iyaye ba, ba a tona asiri ba. Gaba kuwa, ko da kishiya ce, hadisin Abu Ayyub al-Ansari (RA) ya ƙayyade ta da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara sallama. Akwai gidajen da kishiyoyi suka shekara ba sa ga-maciji, kuma kowacce tana azumin Litinin da Alhamis.

Yanzu ki juyo, ke da ƙarfi ke hannunki. Ke uwar miji, ki tuna ranar da aka kawo ki gidan nan, da abin da kika ce ba za ki taɓa yi wa matar ɗanki ba. In ta ɓata miki, ki kira ta ɗaki, kada ki tara mata surukai. Kada ki sa ɗanki zaɓe tsakanin albarkarki da aurensa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsinuwar da ake yi wa ɗa don ya saki mace ba laifi, Allah zai tambaya. Ke uwargida, ki bar amarya ta yi kuskurenta na ƙuruciya ba tare da kin kai rahoto ba. Ke amarya, hasken da kike gani na sabunta ne, kada ki taka wadda ta riga ki shan wuyar gidan. Kishi kam ko iyayen muminai sun yi. Ɗaya daga cikinsu ta buge akushin abincin da 'yar'uwarta ta aiko ya fashe, Annabi (SAW) ya tattara da hannunsa, ya ba ta uzurin kishi a gaban baƙi, amma ya ɗauki lafiyayyen akushinta ya biya mai shi. Da Nana Hafsa ta goranta wa Nana Safiyya asalinta na Yahudawa har ta yi kuka, ya lallashi Safiyya, ya kuma ce wa Hafsa ta ji tsoron Allah. Uzuri daban, biyan haƙƙi daban. Sannan yarinyar nan ta riƙo da ke tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, 'ya'yanki suna makaranta ita tana talla, ita wa za ta gaya wa iyakarta?

Idan an yi maganar cikin ɗaki sau ɗaya, sau biyu, sau uku ba ta yi ba, fita da ita ba tonon asiri ba ne. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana abin da aka yi masa. Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, bai ce ta yi gulma ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai kukan mijinta Ausu ɗan Samit, tana ta maimaitawa, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Abin lura shi ne wurin wa suka je. Sun je inda ake da ikon warwarewa. Ƙawar da za ta ce ni wallahi da ni ce, da maƙwabciyar da za ta raka ki wurin mai duba, ba sa cikin wannan.

Tsarin da Alƙur'ani ya shimfiɗa yana aya ta 35: a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Imam Malik ya ɗauki waɗannan biyun da nauyi ƙwarai, har yana ganin hukuncinsu yana zartuwa, ko na haɗawa ko na rabawa. A wurinmu wannan shi ne waliyyinki da wakilinsa, mutanen da suka karɓi aure suka bayar. In ya gagare su, akwai liman, da mai unguwa, da dagaci, da hakimi. Tun watan Yulin 2024 Rano da Kibiya da Bunkure suna ƙarƙashin Masarautar Rano ne. Akwai Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofis a ƙananan hukumomi, kuma sulhun ma'aurata yana cikin manyan ayyukanta. Bayan nan sai kotun shari'ar Musulunci. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalai ke aiki da ita, ta nuna ana tabbatar da cutarwa da shaidu, ko da labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta. Wadda kuma ba a cuce ta ba, zaman ne kawai ya gagare ta, tana da ƙofar khul'i, kamar matar Sabitu ɗan Ƙais da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki.

Jihar Kano ta daɗe tana fama da mutuwar aure. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo A Daidaita Sahu da Zauren Sulhu. A 2012 aka fara auren zawarawa a ƙarƙashin Hisba, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar dokar iyali, aka yi ta muhawara a kanta. Duk ƙoƙari ne abin yabo. Sai dai gwamnati tana iya sayen gado da katifa, ba ta iya shiga ɗaki ta koya wa mutum biyu yadda za su yi magana. Wannan aikin iyaye ne da malaman Islamiyya, kuma a nan iyaye suke da laifi babba. Yarinya ta zo gida da kumburarren ido, uba ko zama bai bari ta yi ba, ya ce ta koma, shi ba ya son abin kunya. Ta koma ta gane ba ta da kowa, mijin ma ya gane haka. Yaji ba abin so ba ne, kuma fita ba izini a kan ƙaramin saɓani kuskure ne. Amma wadda ta gudo don tsira da lafiyarta, a fara kai ta asibiti, a ji ta bakinta, sannan a kira mijin.

In ranar zaman sulhu ta zo, ki je da natsuwarki. Ki tsara abubuwa biyu ko uku da suka fi damunki, da lokacin da suka faru, da wanda ya gani. Kada ki ƙara gishiri, ƙarya ɗaya in an kama ta takan rushe gaskiya goma. In an kawo naki laifin ki karɓa. Kada ki bari a tashi a kan kowa ya yi haƙuri kawai. Ki roƙi manya cikin ladabi a faɗi abin da kowa zai yi da abin da zai bari: awo nawa ne a mako, a hannun wa kuɗi zai riƙa zuwa, yaushe za a biya tunkiya, me zai biyo baya in aka sake ɗaga hannu. A rubuta, ko da ajami ne, liman ya riƙe ɗaya, waliyyinki ya riƙe ɗaya, a kuma sa ranar da za a sake zama a duba ko an cika.